Ƙwallon da Aka Zaɓa wa Bahaguwa

Mai Walda bai taɓa riƙe sandar golf da niyyar wasa ba, amma ya san ƙarar da ƙwallon yake yi in ya faɗa cikin bokitin ƙarfe fiye da yadda ya san muryar maƙwabtansa. Kullum da yamma in ya rufe shago ya dawo gida, aikinsa ke nan. Ya ajiye bokiti a ƙarshen tsakar gida kusa da igiyar shanya, 'yarsa ta shimfiɗa guntun tsohon kafet a bakin ƙofar kicin, ta yi ta ɗaga ƙwallo da sanda yana faɗawa ciki. In ƙwallo ya kauce, shi ne mai durƙusawa ya zaro shi daga bayan durom ɗin ruwa.

Bahaguwa ake ce mata, don da hagu take komai. Tana ƙarama ta bi shi filin golf lokacin da aka ba shi gyaran shingen filin, a nan Koci ya gan ta tana dukan tsakuwa da guntun rodi, ya ce a bar masa ita. Koci abokinsa ne tun na ƙuruciya. Benci ɗaya suka zauna a firamare, har shi ya bar makaranta ya kama ƙarfe, Koci kuma ya tafi ɗaukar wa manya jaka a filin, a hankali ya zama mai koyarwa. Mai Walda Dogo yake ce masa, shi kuma Koci ya ce masa Tartsatsi. Ranar da aka haifi Bahaguwa, Koci ne ya tsaya da shi a barandar asibiti.

Yanzu yarinya ta girma, kuma gasar matasa ta matso. Akwai wata makarantar wasanni da ke ɗaukar yarinya ɗaya tak daga kulob ɗinsu kowace shekara, ta ba ta karatu da horo da wurin kwana, kuma wadda ta ci gasar ita ake ɗauka. Bana ce shekarar Bahaguwa ta ƙarshe, baɗi shekarunta sun wuce. Mai Walda ya san abin da shagonsa zai iya yi mata da abin da ba zai iya ba. Tun da aka sa ranar gasar abinci ya daina yi masa ɗanɗano.

Abin da ya fi cin ransa shi ne bugun farko. Duk ranar da ya je kallo, sai ya ga ƙwallon sauran yara ya tashi ya wuce na 'yarsa, musamman na 'yar Ciyaman, shugaban kulob ɗin, doguwar yarinya mai ƙarfin kafaɗa. A ƙarshe dai sau da yawa Bahaguwa ce ke yin nasara, amma shi bai taɓa gane ta yaya ba. Idonsa yana ganin nisa, ba ya ganin sauran.

Ita kuwa hankalinta kwance. A saman kwabarta akwai kwalin sababbin ƙwallaye da ta ci kyauta a wata ƙaramar gasa bara, irin masu laushin fata waɗanda Koci ya koyar da duk ɗalibansa da su. Ko ɗaya ba ta taɓa bugawa ba, tana adana su don wannan rana. Da yake kowane ɗan wasa yana sa wa ƙwallonsa shaida don kada ya ruɗe da na wani, ita da babanta suka zauna wata yamma, tana riƙewa, shi yana tsoma bakin ƙusa cikin jan fentin hana tsatsa na shagonsa yana ɗiga ɗigo uku, jere, sun karkata hagu. Umma, mahaifiyarta, ta yi ta faɗan warin fenti, ta ce sun mai da mata gida gareji.

Ana saura 'yan kwanaki Koci ya zo shago. Ya tarar da Mai Walda sunkuye a kan ƙofar gida da yake haɗa masa.

"Kai Tartsatsi, har yanzu ƙofar nan? Ko sai na mutu za ka sa mini ita a kabari?"

"Wanda ya ce a yi masa furanni a jikin ƙarfe ai sai ya yi haƙuri. Zauna, Dogo, kada kanka ya ɓalle mini kwanon rufi."

Koci bai zauna ba. Ya ce ba ƙofa ta kawo shi ba, maganar yarinyar nan ce. Mai Walda ya ajiye abin waldar. Ya kashe injin, ya ɗaga gilashin fuskarsa.

Koci ya zaro ƙwallaye biyu daga aljihu, ya miƙa masa ɗaya. "Danna farcenka." Ya danna, fatar ta ɗan lotsa. "Wannan shi ne irin nata. To danna wannan." Ya danna, farcen ya zame. Koci ya karɓe su ya sake su a kan siminti. Na farkon ya yi wata ƙara a dushe, na biyun ya yi ƙas, mai kaifi, irin ƙarar ƙarfe mai kyau.

"Ka ji da kunnenka ko? Kai da ka san ƙarfe ai ba sai na yi maka dogon bayani ba. Mai laushin nan na masu koyo ne. Mai taurin nan shi ne na nisa. 'Yar Ciyaman tana wuce ta da nisan nan zuwa bakin titi a duk bugun farko, ko ba ka lura ba?"

"Na lura. Wallahi na lura, Dogo, shi ne ke hana ni sukuni."

"To ga maganinsa." Ya fita wurin babur ɗinsa ya dawo da sabon kwali ya ɗora a kan tebur.

"Me ya sa ba ka faɗa mata da kanka ba? Ai ta fi jin maganarka."

"A fili tana jin tawa. Amma kanka ta ɗauko, taurin tsiya. Ni malami ne, kai uba ne. In dai wancan kwalin yana jakarta, hannunta can zai koma. Ka ɗauke shi kawai ka kawo mini, in ajiye mata a ofis har a gama."

Mai Walda ya juya ƙwallon mai tauri a tafin hannunsa. A duk abin da ya sani a duniya, mai tauri ya fi mai laushi. Ƙarfe mai laushi shi ne wanda ake cutar mutane da shi. Ya riƙo hannun abokinsa da hannu biyu yana godiya, ya ɓata masa riga da baƙin mai.

A gida kuwa magana ba ta yi daɗi ba. Bahaguwa ta buɗe sabon kwalin, ta ɗauki ɗaya, ta ɗora a kan kafet ta buga. Ya faɗa bokiti, ya yi tsalle ya fito, ya gangara har ƙarƙashin ƙofa.

"Baba, ni ba da nisa nake ci ba. Kusa da rami nake ci. Nawa in ya sauka sai ya ciji ciyawa ya tsaya inda na ce masa. Wannan zai sauka ne ya ci gaba da tafiyarsa."

"Zai kai ki kusa da wuri."

"Ya kai ni kusa ya wuce da ni. Kuma Kawu Koci da bakinsa yake ce mana ba a canja ƙwallo ana gab da gasa."

"Shi ne kuma yanzu ya ce a canja. Ke kin fi shi sani?"

Umma ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Maigida, ka bar yarinya da abin da hannunta ya saba. Kai ko tsohuwar gudumarka aka ɗauke maka ai ba a kwana lafiya a gidan nan."

"Ke kuma yaushe kika zama alƙaliyar golf?"

"Ranar da ka zama koci."

Bahaguwa ta yi dariya, ta rufe kwalin ta tura shi gefe, ita a ganinta magana ta ƙare. Washegari tana makaranta, ya bar shago ya dawo gida, ya hau kujera ya sauko da kwalinta daga saman kwaba. Umma tana kallonsa, sai da ya kai ƙofa ta ce, "Ka dai san abin da kake yi ko?" Ya ce ya sani. Da kansa ya kai wa Koci har ofis.

Da yarinya ta dawo ta ga wurin wayam, ba ta yi kuka ba. Ta sa takalmi ta tafi fili neman Koci. Irin ƙwallon nan ya daɗe da yankewa a shagon kulob, an ce kaya ba su iso ba, tsofaffinta kuwa duk sun tsage, saura ɗaya na bokiti. Ta dawo da yamma. Ta ɗauki sabon kwalin ta sa a jaka, ta ce, "Na ji, Baba." Shi ya ɗauka Koci ya ganar da ita. Kwanakin da suka rage ta yi ta atisaye da mai taurin, bokiti yana ta ƙara kamar ana jifarsa da dutse.

Ranar gasa rana ta buɗe tun da safe. An yi wa girin, wato lallausar ciyawar da ke kewaye da kowane rami, aski har ƙasa, an bi ta da abin dannawa, an hana ta ruwa, ta yi tauri tana ƙyalli. Wasu dattawa biyu 'yan kallo suna ta cewa yau sai mai tsayar da ƙwallo. Mai Walda ya ji su, amma bai ɗauki maganar da wani nauyi ba. An haɗa Bahaguwa da 'yar Ciyaman a rukunin ƙarshe. Koci yana can ƙarƙashin rumfa tare da 'yan kwamiti, ya ce ba zai bi kowa ba don kada a ce ya nuna bambanci tsakanin ɗalibansa.

Bugun farko ya tashi, ƙwallon Bahaguwa ya sauka ya yi ta gangarawa har ya kusa cim ma na 'yar Ciyaman. Mai Walda ya daki cinyarsa. Ya waiwaya wajen rumfa ya ɗaga wa abokinsa babban yatsa. Koci yana duba wayarsa.

Bugu na biyu ya yi kyau a sama, ya sauka dab da tutar da ke nuna ramin. Ya yi tsalle, ya sake tsalle, ya wuce ramin, ya ƙetare girin ɗin gaba ɗaya, ya faɗa cikin yashi a baya. Na 'yar Ciyaman ya sauka kusan wuri ɗaya, ya ɗan yi gaba, ya tsaya cak kamar an taka shi.

A rami na biyu haka. A na uku ya wuce har gindin bishiya.

Gumi ya jiƙa wa Mai Walda riga. Ya sa hannu a aljihu don ɗauko hankici, sai ya taɓo tsohon ƙwallon bokiti, mai laushin, wanda ya tsinta a tsakar gida da safe ya jefa aljihu bisa sabo. Ya kutsa cikin 'yan kallo ya tare ta a hanyar zuwa rami na gaba.

"Ungo, karɓi wannan. Ya tsufa amma dai irin naki ne. Koma masa."

Ta dubi ƙwallon, ta dube shi. "Ba a canjawa, Baba."

"Wa zai hana? Ai naki ne."

Alƙaliyar da ke bin rukunin, wata mata mai farar hula, ta matso. "Malam, don Allah ka koma bayan igiya. A wannan gasar, irin ƙwallon da 'yar wasa ta fara da shi, da irinsa za ta gama. Kwamiti ne ya sa dokar, tana manne a allo tun makon jiya."

Ya koma bayan igiya da ƙwallon a hannu. Kwamiti. Ya sake duban rumfa, amma daga nan ba a hango ta.

Daga nan Bahaguwa ta canja salo. Ta daina jefa ƙwallo kan tuta, ta koma sauke shi tun kafin ya kai girin, ya gangara da kansa. Wani ya tafi daidai, wani ya tsaya a hanya, wani ya bi gangare ya ɓace mata. Ba wasanta ba ne, kowa ya gani, amma ta ƙi sakin wuya. 'Yar Ciyaman kuma tsoro ya fara kama ta, ta yi kuskure nan da can. Da suka iso ramin da ke kafin na ƙarshe, bugu ɗaya ne kawai tsakaninsu, 'yar Ciyaman a gaba, don a golf mai ƙarancin bugu ke ci.

A nan ne bugun farko ya kuɓuce wa 'yar Ciyaman. Ƙwallon ya karkata dama ya nutse cikin doguwar ciyawa a gefen kwata. Alƙaliya ta duba agogonta ta ce kowa ya taya nema, lokaci kaɗan doka ta bayar. 'Yan kallo suka bazu suna buɗa ciyawa da ƙafa. Ɗaya daga cikin dattawan nan ya ce wa ɗan'uwansa, in ba a gan shi ba sai ta koma ta sake bugawa, ga tarar ƙarin bugu a kai, Bahaguwa ta wuce gaba ke nan.

Mai Walda ya shiga ciyawar shi ma, ba don yana son gani ba, don dai kada a ce ya tsaya. Ya yi can gefe inda ba kowa. Sai ga farin abu a gaban takalminsa, rabi a cikin laka.

Ya sunkuya. Akwai sabon tauraro shuɗi da aka zana da alƙalami, shaidar 'yar Ciyaman. A gefensa fatar ta yi haske, alamar an goge wani abu da ƙarfi. Amma ƙwallon golf ba sumul yake ba, duk jikinsa 'yan ƙananan loko ne, kuma a can cikin lokon akwai ja. Wuri uku, jere, sun karkata hagu. Ya san fentin nan. Shi ne yake gaya wa masu kawo masa aiki cewa ko da tina, ruwan goge fenti, aka bi shi, in ya shiga lungu ba ya fita.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a sunkuye ba. Ya ga ƙusar a hannunsa, ya ga yatsun 'yarsa suna juya masa ƙwallo. Ya ga kansa a kan kujera yana miƙa hannu saman kwaba. Ya ji ƙarar ƙwallaye biyu a kan simintin shagonsa, da muryar da ta ce kai da ka san ƙarfe.

Ya miƙe. Ba wanda ke kallonsa. Ƙafarsa ta ɗaga da kanta ta tsaya a saman ƙwallon. Lakar tana da laushi. Dannawa ɗaya, ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai ganinsa. Ai nata ne ma. Kayanta ne aka sace, da hannunsa aka sace.

"Baba."

Tana bayansa, jaka a kafaɗa. Ta san tsayuwarsa, ta san yadda yake yi in ya gano ƙwallo a bayan durom.

"Ɗaga ƙafarka, Baba."

Ya janye ƙafar. Ta durƙusa ba ta taɓa ba, ta duba. Ya ga lokacin da idonta ya sauka a kan jan. Alƙaliya ta ɗaga murya ta ce lokaci ya kusa cika. Bahaguwa ta miƙe ta ɗaga hannun hagu.

"Ga shi nan!"

'Yar Ciyaman ta taho da gudu tana haki, ta ga tauraronta, ta dafa ƙirji. "Kai, na gode, 'yar'uwa. Wallahi na fid da rai." A fuskarta ba komai sai murna. Ita ba ta san komai ba, an ba ta kwali ne ta karɓa.

Suka yi kunnen doki a wannan ramin. A na ƙarshe Bahaguwa tana bukatar ta ci. Ba wurin gangarowa, ruwa ne a gaban girin ɗin, dole a jefa ta sama. Ta jefa. Ƙwallon ya sauka kusa da tuta har mutane suka yi ihu, sannan ya yi tsalle ya kama hanya, ya yi ta tafiya har ƙarshen ciyawar. Aka yi wa 'yar Ciyaman tafi. Bahaguwa ta cire hula ta ba ta hannu.

Mai Walda ya sami Koci a bayan ɗakin ajiye jakunkuna yana shan ruwa. Koci ya buɗe hannuwa tun daga nesa.

"Tartsatsi, sai haƙuri. Yarinya ta yi ƙoƙari, bugu ɗaya tak. Haka wasan yake."

"Ina kwalin 'yata?"

"Yana ofis mana."

"Mu je ka ba ni."

Koci ya rufe gorar ruwan a hankali, ya sake buɗewa. "Yanzu ana shirin ba da kofi, bari a gama."

"Na ga fentina a cikin ciyawa, Dogo. Ba ku goge da kyau ba."

Koci ya kau da kai. Daga can ana gwada lasifika.

"Ƙwallo ai ƙwallo ne," in ji Koci, yana kallon bango.

"Ba haka ka ce a shagona ba."

"To me kake so in yi? Kaya sun yanke, na 'yar Ciyaman sun ƙare, uban ya kira ni ofis ya ce in nemo ko daga ina. Duk garin nan kwali ɗaya ya rage, ni na san inda yake. Kai shagonka naka ne, ba mai korarka. Ni in ya ce gobe kada in shigo ƙofar nan, shi ke nan, na ƙare. Ina da 'ya'ya ni ma, kai ka sani."

"Da ka ce a raba kwalin biyu, da ta ba ka. Ka san za ta ba ka."

Koci ya dubi gorar da ke hannunsa.

"Ka san yadda za a aske ciyawar. Ka san dokar da kuka manna a allo."

"Wallahi na ɗauka ko dutse aka ba ta za ta ci. Ka ga dai yadda ta kusa. Ba ka san irin ɗalibar da nake da ita ba."

"Na san ta. A gabanka aka miƙo mini ita a zane."

Fuskar Koci ta canja. Ya jefa gorar a kwandon shara. "Kada ka ɗora mini duka. Ni ban shiga gidanka ba. Ban hau kujera na sauko da komai ba. Kai ka kawo mini da ƙafarka, har kana godiya."

Mai Walda ya ji kamar an watsa masa tartsatsi a ido ba gilashi. Hannunsa ya dunƙule, hannun da ke lanƙwasa rodi. Ya dubi dogon wuyan nan da ya sani tun suna raba fensir gida biyu. Sai ya sa hannun a aljihu, ya tarar da tsohon ƙwallon, ya matse shi. Ya juya ya tafi. Koci ya kira shi da sunan wasan nan sau biyu, bai waiwaya ba.

A hanyar gida ya ce zai je wurin alƙaliya, zai je wurin kwamiti, zai faɗa a gaban kowa. Bahaguwa tana tafe a gefensa, jaka a bayanta, ta ƙi ba shi ya ɗauka.

"Ka ce musu me? Ba dokar da aka karya. An ba ta ƙwallo ta buga. Ni kuma da hannuna na ɗora wancan a rami na farko."

"Me ya sa kika yarda? Ranar da kika je wurinsa, me ya sa ba ki ƙi ba?"

Ta tsaya a bakin titi tana jiran motoci su wuce. "Ya ce mini kai ka je ka same shi. Ya ce ka ce kana jin kunya in kana kallo ana wuce ni. Ya ce shi bai so ba, amma in yi maka biyayya, uba uba ne."

"Ni? Ni na ce ina jin kunyarki?"

"Haka ya ce."

"Kuma kika yarda?"

"Na dawo na ga saman kwaba ba komai, Baba. Me zan ƙi yarda da shi?"

Suka ƙetare titi. Suka iso gida. Umma ta gan su daga ƙofa, ta dubi fuskokinsu, ta karɓi jakar daga kafaɗar 'yarta.

Washegari ya je shago ya tarar da ƙofar Koci a jingine, saura fenti kawai. Furannin da ya lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya suna nan. Ya kunna injin yanka ya bi ta gaɓa gaɓa, ya zuba guntayen a tarin ƙarafan baya. Mai faci na kusa da shi ya leƙo ya ce lafiya, shi kuma ya ce masa awo ne bai yi daidai ba. Bayan kwana biyu wani ya kawo kwalin Bahaguwa shago, an ce daga ofishin Koci, da 'yan ragowar a ciki, kowanne da tauraro shuɗi. Ya ce a mayar.

Jakar ta daɗe a bayan ƙofa. Da yamma in ya dawo, tsakar gida shiru, bokitin Umma ta mai da shi na wanki. Bahaguwa tana gaishe shi, tana kawo masa ruwa, tana amsa abin da ya tambaya. Ba ta taɓa ɗaga maganar ba. Shi da ta yi masa tsawa ma da ya fi masa sauƙi. Tsohon ƙwallon ya ajiye shi a kan tagar ɗakinta, ya yi kwanaki a wurin yana shan rana.

Wata yamma yana sa makulli a ƙofa ya ji ƙarar. A dushe, cikin ƙarfe. Ya tsaya da hannu a kan ƙofar har ya sake ji, sannan ya tura.

Tana bakin kicin a kan guntun kafet. Bokitin yana wurinsa na da, ita ta ajiye abinta. In ta buga, ita ce mai takawa ta ɗauko ta dawo. Ya yi sallama ta amsa ba ta ɗago ba. Ya zauna a kan benci da kayan aikinsa a jiki.

Bugu na gaba ya daki bakin bokitin, ya gangaro, ya zo ya tsaya a jikin takalminsa. Jikinsa ya sunkuya bisa sabo, hannu ya miƙa. Sai ya tsaya. Ya mai da hannun kan gwiwarsa, ya janye ƙafar gefe.

Bahaguwa ta jingina da sandarta tana kallonsa. Umma ta daina motsa abin da take motsawa a kicin. Yarinyar ta tako a hankali, ta sunkuya a gabansa ta ɗauki ƙwallonta, ta goge shi a jikin riga, ta koma kan kafet. Ta gyara tsayuwa, ta dubi bokitin, ta sake dubansa.

"Bokitin ya yi kusa da igiyar shanya da yawa," ta ce, ba tare da ta kalli kowa ba.

Ya tashi ya je ya kama bakin bokitin. Bai motsa shi ba tukuna. "Hagu ko dama?"